Yaro Mai Dukan 'Yan Ajinsu a Makarantar Raino: Wace Hanya Ce Ta Dace da Shi?

Akwai saƙon da babu uwa ko uban da ke son samu daga makaranta, wato a ce ɗansu mai shekara uku ko huɗu ya sake cizon wani yaro a aji, ko ya hankaɗo yarinya daga kan lilo, ko ya yakushi abokin zamansa a fuska a kan motar wasa. Daga ranar shawarwari ke fara zuwa ta kowane gefe. Wannan ya ce a zane shi ya ji a jikinsa, waccan ta ce a riƙa ware shi gefe, wani ya ce a ƙyale shi yarinta ce, ita kuwa malama ta fara nuna cewa idan abin ya ci gaba sai dai a nema masa wata makarantar. Na yi wannan rubutu ne domin iyaye da malaman da suka tsinci kansu a tsakiyar waɗannan shawarwari, suna son su zaɓi hanya amma suna tsoron kada su zaɓi wadda za ta ƙara dagula lamarin.

Richard Tremblay na Jami'ar Montreal da ke Kanada ya shafe shekaru masu yawa yana bibiyar dubban yara tun suna ƙanana, kuma ya gano cewa babu lokacin da ɗan'adam ya fi yawan kai wa wani hannu kamar tsakanin shekara 2 zuwa 3 da rabi, daga nan kuma abin yakan riƙa sauka yayin da bakin yaro ke buɗewa yana kuma koyon jira. Ke nan yaron da ke duka a nazare bai fita daga sahun yara ba, ya dai yi jinkiri ne wajen koyon riƙe hannunsa. Sai dai binciken ya nuna akwai 'yan tsirarun da dukansu ba ya sauka, kuma su ne suka fi fuskantar matsala idan sun girma. Saboda haka ban sa shawarar “a ƙyale shi” cikin zaɓuɓɓuka ba, balle ma akwai ɗan wasu da ke komawa gida da shaidar haƙora a hannu, wanda shi ma yana da haƙƙi a kanmu.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Ma'auni na farko, wanda a wurina ya fi sauran nauyi, shi ne abin da yaron ya koya. Gobe wani zai sake ɗaukar motar da yake so, zuciyarsa za ta sake tafasa, kuma tambayar ita ce ko hanyar da aka bi yau ta ba shi wani abin yi ban da kai hannu. Na biyu shi ne tsada, kuma a nan lokaci da yawan manyan da ake bukata sun fi kuɗi muhimmanci. Na uku ɗorewa, wato ko gyaran yana nan bayan wata uku, musamman lokacin da babba ya juya baya. Na huɗu sauƙin aiwatarwa, domin abin da uwa za ta iya yi da ɗa ɗaya ba lallai ne malama ɗaya mai yara 25 ta iya yinsa ba. Na biyar haɗari, ga shi mai dukan da kuma ga wanda ake duka.

Kafin a ɗora kowace hanya a kan waɗannan ma'aunai akwai aikin mako ɗaya da bai kamata a tsallake ba. A samu ɗan littafi, duk lokacin da yaron ya kai hannu a rubuta rana da lokaci, da abin da ya faru kafin dukan, da abin da ya biyo baya. Layi ɗaya ya isa, kamar haka: “Talata, ƙarfe 11 da rabi, a layin wanke hannu, wani ya shiga gabansa, ya ture shi, na ɗauke shi na zaunar da shi kusa da ni.” Idan aka tara irin wannan layi goma sai hoton ya fito. Za a ga wani yaron yana duka ne domin ya samu abu kuma yana samu, wani domin gajiya ko fushi sun fi ƙarfinsa, wani domin ba shi da kalmomin da zai ce a yi wasa da shi, wani kuma domin duk lokacin da ya yi duka ne kawai malama ke riƙe hannunsa ta yi magana da shi. Waɗannan yara huɗu aiki iri ɗaya suke yi, amma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Duka da tsawa

Wannan ita ce hanya mafi araha kuma mafi sauri, shi ya sa ta fi yaɗuwa. Ba a biyan ko sisi, ba a bukatar koyo, kuma a daidai lokacin yaron yakan daina abin da yake yi. Masu goyon bayanta kan ce jiki magayi. Haka ne jiki yana gaya wa yaro wani abu, sai dai ya kamata mu tambayi kanmu mene ne yake gaya masa. Babba ya ɗaga hannu ya mari yaro yana cewa kada ya ƙara dukan kowa, to darasin da ɗan shekara huɗu ya gani da idonsa shi ne idan ranka ya ɓaci kuma ka fi mutum ƙarfi sai ka doke shi, kuma a ajinsu akwai waɗanda ya fi ƙarfi.

A shekarar 1961 Albert Bandura ya yi gwajinsa da ya shahara a Jami'ar Stanford da ke Amurka, da yara 72 na makarantar rainon jami'ar. Yaran da suka kalli babba yana naushi da shurin wata 'yar tsanar roba, da aka bar su da ita sai suka yi mata irin abin da suka gani, har da maimaita kalmomin da babban ya furta. A 2010 Catherine Taylor da abokan aikinta sun fitar da sakamakon bincike a kan iyaye mata kusan 2,500, inda suka ga yaran da ake yawan duka suna da shekara 3 sun fi zama masu kai hannu a shekara 5, ko da an yi la'akari da irin rigimar da yaron ke da ita tun farko. Wannan ya amsa hujjar masu cewa ai dama yara masu ƙiriniya ne suka fi shan duka. A 2016 kuma Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekaru 50 da ya shafi yara fiye da 160,000, ba su sami alamar cewa duka yana gyara hali ba, abin da suka samu shi ne alaƙarsa da ƙarin faɗa da taurin kai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito fili a 2018 ta shawarci iyaye su bar shi, da shi da tsawa mai wulaƙanci, kuma tun daga 1979 da ƙasar Suwidin ta fara haramta shi ƙasashe fiye da 60 sun bi sahu.

Ta fuskar ɗorewa ba ta da ƙarfi, domin tsoron yana aiki ne kawai idan mai bulala yana kusa, sai dukan ya koma bayan aji ko banɗaki inda ba a gani. Kuma marin da ya razana yaro a wannan wata ba zai razana shi a wata mai zuwa ba, sai an ƙara. Haka hukuncin yake ga cizon yaro domin ya ji yadda cizo yake, da sa wanda aka doka ya rama a gaban aji.

Keɓe shi na 'yan mintuna

A nan ana ɗauke yaron daga wurin wasa a zaunar da shi a wani wuri marar abin sha'awa, a inda babba ke ganinsa, na ɗan gajeren lokaci. Masanin halayyar ɗan'adam Arthur Staats ne ya tsara wannan dabara ga yara a ƙarshen shekarun 1950, kuma ƙa'idar da likitocin yara suka saba bayarwa ita ce minti ɗaya ga kowace shekara, wato ɗan shekara 4 minti 4. Ana faɗin dalili da jimla ɗaya cikin murya mai sanyi, “Ka doki ɗan'uwanka, zauna nan,” ba a ja-in-ja, ba a wa'azi, idan lokaci ya cika a mayar da shi cikin wasa kuma a nemi abu mai kyau na farko da zai yi a yaba masa.

Ba ta cin kuɗi, malama ɗaya za ta iya yinta, kuma tana cikin tsare-tsaren horar da iyaye da aka fi gwadawa, don haka ba daidai ba ne a sa ta layi ɗaya da duka kamar yadda wasu ke yi. Amma tana da sharuɗɗa biyu da ake yawan mantawa. Na farko, ba ta aiki sai idan wurin da aka cire yaron daga ciki wuri ne mai daɗi a gare shi, mai wasa da fara'a da yabo. Na biyu, idan littafin nan ya nuna yaron yana duka ne a lokacin da aka sa shi aikin da ba ya so, ko lokacin da hayaniya ta ishe shi, to keɓe shi lada ce aka ba shi, kuma zai ƙara. Haɗarinta yana cikin yadda ake lalata ta: a kulle yaro a ɗaki shi kaɗai, ko a sa shi ya fuskanci bango 'yan aji suna masa dariya, ko a manta da shi rabin awa. Babban giɓinta kuwa shi ne tana gaya masa abin da ba a so ba tare da ta nuna masa abin da ake so ba.

Koya masa abin da zai yi maimakon duka

Wannan ce hanyar da ta cike wancan giɓi, kuma ita ce na fi son a tsaya a fahimta da kyau, domin da yawa suna ɗaukarta rarrashi ce kawai. Na taɓa kallon wata malama tana yinta. Yaro ɗan shekara huɗu ya fizge mota daga hannun wani, da wancan ya riƙe sai ya kai masa naushi a kafaɗa. Malamar ta shiga tsakaninsu, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da nasu, ta riƙe hannun mai dukan a hankali ba tare da ta matse ba, ta ce, “Ba a duka, duka da zafi.” Sai ta juya ga wanda aka doka tukuna, ta duba kafaɗarsa, ta ce masa sannu, ta mayar masa da motar. Mai dukan yana ta huci yana neman ƙwace hannunsa, ba ta ce masa komai ba sai da numfashinsa ya lafa. Sannan ta ce, “Ka ji haushi, kana son motar nan. Ka ce masa, idan ka gama ka ba ni.” Ya faɗa a ciki-ciki. Ta ce, “Yawwa, ka yi magana da bakinka,” ta tsaya tare da shi har aka miƙo masa motar.

Duk abin bai wuce minti uku ba, amma akwai hikima a jerinsa. Wanda aka zalunta ne ya fara samun kulawa, don haka duka bai zama hanyar jawo hankalin Malama ba. Motar ta koma hannun mai ita, don haka duka bai yi riba ba. An ba wa abin da ke cin yaron a ƙirji suna, kuma yaron da ya iya cewa “na ji haushi” ya sami wata ƙofa ban da hannu. Sannan an sa masa a baki ainihin kalmomin da zai faɗa, aka kuma tabbatar sun yi aiki a gabansa.

Sai dai mafi yawan aikin ba a lokacin rigima ake yinsa ba, domin yaron da ke tsakiyar fushi ba ya jin magana. Ana yinsa ne da safe ko bayan hutu lokacin da kowa ke cikin natsuwa, da 'yan tsana biyu da ke rigima a kan abu ɗaya, a tambayi yara me ya kamata wannan ya ce. Akwai dabarar kunkuru da aka fara amfani da ita a shekarun 1970, wadda daga baya ta shiga manhajar PATHS ta Mark Greenberg da Carol Kusché, mai koya wa yara riƙe zuciya da zama da mutane. Ana koya wa yaro cewa idan ya ji zuciyarsa ta tashi ya tsaya, ya naɗe hannuwansa a ƙirji kamar kunkurun da ya shige ƙoƙonsa, ya ja numfashi sau uku, sannan ya fito ya faɗi abin da ke damunsa. Amfanin naɗe hannuwan a bayyane yake, tunda hannun da ke rungume da ƙirji ba ya kai duka. Amma sai an maimaita sau da yawa cikin wasa kafin ya tuna da ita a lokacin bukata.

Ba ta cin kuɗi sosai, amma tana cin lokaci da haƙuri, kuma a makonnin farko za a ga kamar ba ta aiki. Ita ce mafi ɗorewa, domin abin da yaro ya iya yana tafiya da shi duk inda ya je. Haɗarinta guda biyu ne. Ɗaya shi ne ta koma dogon bayani da rungume mai dukan alhali wanda aka doka yana gefe yana kuka. Ɗayan shi ne tilasta masa ya ce “yi haƙuri” nan take, wanda yara da yawa ke mayarwa kalmar wucewa, su yi duka su faɗe ta su ci gaba. Ya fi amfani a sa shi ya yi wani abin gyara da hannunsa, kamar ya sake gina abin da ya rushe ko ya ɗauko ruwa ya kawo.

A nan ya dace in ambaci shawarar da ake bayarwa ta a ba yaro matashin kai ya daka domin fushin ya fita. Gwajin Brad Bushman na 2002 ya nuna waɗanda suka naushi buhun dambe suna tunanin wanda ya ɓata musu rai sun fito da ƙarin fushi fiye da waɗanda suka zauna shiru. Da ɗaliban jami'a aka yi gwajin, amma ban ga dalilin da zai sa a horar da hannun ɗan shekara huɗu a kan naushi lokacin fushi ba, alhali shi ne abin da ake son ya bari.

Yabo da taurari

Yaron da aka sani da duka yakan yini yana jin sunansa ne kawai idan ya yi laifi. Wannan hanya tana juya lamarin, a riƙa farautar lokacin da ya jira ko ya miƙa abu ko ya yi magana maimakon kai hannu, a faɗa nan take kuma a fayyace: “Na ga ka jira har ta sauko daga lilo.” Kalmar “yaron kirki” kaɗai ba ta gaya masa abin da zai maimaita. Ana iya ƙarawa da takarda mai gurabe, kowane ɗan zango da ya wuce ba duka a manna masa tauraro. Dole zangon ya zama gajere, kamar daga shigowa zuwa hutu, domin alkawarin ranar Juma'a ya yi wa ɗan shekara uku nisa. Ba a cire tauraron da ya riga ya samu.

Tana da araha da sauƙi kuma takan nuna sakamako cikin kwanaki. Ɗorewarta matsakaiciya ce, sai an riƙa janye taurarin a hankali ana barin yabon baki. Haɗarinta shi ne ta rikiɗe ta zama cin hanci, wato a yi wa yaro alkawarin kyauta yana tsakiyar birgima domin ya daina, wanda ke koya masa cewa birgima ce ke kawo kyauta.

Gyara yanayi da zama inuwarsa

Sau da yawa littafin nan yakan nuna dukan yana taruwa ne a wurare biyu ko uku: layi, lokacin tattara kayan wasa, ko kan abin wasa guda ɗaya da kowa ke so. To a nan rigakafi ya fi magani. A samo irin motar guda biyu, a sa agogo mai ƙara domin karɓa-karɓa, a yi gargaɗin minti biyar kafin a canja aiki, a sa yaron a farkon layi ko ƙarshensa inda ba a matse shi. A gida kuma a duba barci, domin yara masu shekara 3 zuwa 5 suna bukatar awa 10 zuwa 13 a kowace rana. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, kuma kada kallon waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya. Ya kamata kuma a gwada jinsa da maganarsa, domin jinkirin magana yana da alaƙa sananniya da kai hannu.

Ga yaro mai cizo ko mai jin wa wasu rauni akwai zama inuwa, wato babba ɗaya ya kasance kusa da shi yadda hannunsa zai kai gare shi a duk lokutan haɗari na mako biyu ko uku, ya tare cizon kafin ya sauka, ya sa masa kalmomi a baki. Babu hanyar da ta kai wannan kare sauran yara. Tsadarta ita ce mutum, kuma ajin da ke da malama ɗaya ba zai iya ba sai makaranta ta ba da mataimakiya. Idan tarewa kawai aka yi ba a koyar da komai ba, ranar da inuwar ta tafi cizon zai dawo.

Horo a wurin ƙwararru

Gerald Patterson na jihar Oregon a Amurka ya bayyana wani zagaye da ke faruwa a gidaje da yawa: a ba yaro umarni ya ƙi, a ɗaga murya ya ƙara ihu, a ƙarshe babba ya gaji ya sakar masa, sai kowannensu ya koyi cewa wanda ya fi tsananta shi ke nasara. Yaron da ya ƙware a wannan a gida shi yake kai wa aji. Tsare-tsaren ƙwararru sun fi mayar da hankali kan iyaye ne domin a karya wannan zagaye. A tsarin PCIT, wato gyaran hulɗar iyaye da yaro, da Sheila Eyberg ta ƙirƙiro a shekarun 1970 domin yara masu shekara 2 zuwa 7, uwa ko uba suna wasa da yaron a ɗaki, ƙwararre yana kallo ta bayan gilashi yana gaya musu abin da za su ce ta wata 'yar na'ura a kunne, kuma yakan ɗauki zama 12 zuwa 20 na mako-mako. Incredible Years na Carolyn Webster-Stratton ta Jami'ar Washington yana tara iyaye rukuni-rukuni, yana da sashen malamai da na yara. Triple P na Matthew Sanders na Jami'ar Queensland da ke Ostareliya yana da matakai biyar, daga taƙaitacciyar shawara zuwa taimako mai zurfi. Akwai kuma Parenting for Lifelong Health da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka haɗa hannu da wasu jami'o'i a kansa, wanda littattafansa kyauta ne.

Wannan hanya ce ta fi kowace hujjar bincike ga yaron da abinsa ya yi tsanani, kuma ita ce mafi tsada ta fuskar kuɗi da zirga-zirga, ga shi ba ko'ina ake samun ƙwararrun ba. Haɗarinta kaɗan ne, babbansa shi ne a fara a yanke a tsakiya.

Cire shi daga makarantar

Binciken Walter Gilliam na Jami'ar Yale a 2005 ya nuna a Amurka ana korar 'yan ajin share fage fiye da ninki uku na yadda ake korar ɗaliban firamare da sakandare, maza kuma sun ninka mata fiye da sau huɗu, amma korar tana raguwa ƙwarai a inda malamai ke da ƙwararren da suke tuntuɓa. Kora tana hutar da ajin, amma tana raba yaron da wurin da zai koyi zama da tsaransa. Sauya makaranta yana da ma'ana ne kawai idan ita makarantar ce matsalar, wato ana dukan yara, ko cunkoso ya yi yawa, ko an riga an laƙaba masa sunan mugu har yara suna kiransa da shi.

| Hanya | Abin da yaro ya koya | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Duka da tsawa | Tsoro, da cewa mai ƙarfi ke duka | Babu | Kaɗan | Mai sauƙi | Babba |
| Keɓewa | Duka yana raba shi da wasa | Babu | Matsakaiciya | Mai sauƙi | Kaɗan idan an bi ƙa'ida |
| Koyarwa | Kalmomi da kwantar da kai | Lokaci mai yawa | Mai ƙarfi | Sai da haƙuri | Kaɗan |
| Yabo da taurari | Abin da ake so ya maimaita | Kaɗan | Matsakaiciya | Mai sauƙi | Zama cin hanci |
| Gyara yanayi da inuwa | Kaɗan idan ita kaɗai ce | Ƙarin ma'aikaci | Sai an haɗa da koyarwa | Ya danganta da makaranta | Kaɗan ƙwarai |
| Horon ƙwararru | Shi da iyayensa duka sun koya | Mafi tsada | Mai ƙarfi | Watanni | Yankewa a tsakiya |
| Cire shi | Babu | Sabon kuɗin makaranta | Babu | Mai sauƙi | Babba |

Wace ce ta dace da wane yaro

Yaron da ke duka cikin natsuwa domin ya ƙwace abu, wanda bakinsa a buɗe yake kuma ya san abin da yake yi, shi ne keɓewa ta fi dacewa da shi, da sharaɗin abin da ya ƙwace ya koma hannun mai shi kowane lokaci, a kuma koya masa yadda ake roƙo da jira. Yaron da fushi ke kwashewa har jikinsa yana rawa, musamman dab da tashi daga makaranta ko a ranar da bai yi barci ba, keɓewa za ta ƙara tunzura shi ne kawai, abin da yake bukata shi ne babba a kusa da shi har ya lafa, da dabarar kunkuru a lokacin natsuwa, da gyaran lokacin kwanciyarsa.

Ɗan shekara uku mai cizo wanda maganarsa ba ta fito sosai ba, a fara masa da zama inuwa da kalmomi biyu ko uku kacal kamar “bari”, “nawa ne” da “ba ni”, a kai shi a gwada jinsa da maganarsa ba tare da jinkiri ba. Yaron da littafin ya nuna bayan kowane duka yana samun cinyar Malama ko doguwar hira da ita, a juya masa lissafin, wato kulawa mai yawa da yabo lokacin da yake zaune lafiya, jimla ɗaya tak lokacin da ya yi duka. Malamar da ke ita kaɗai a aji mai cunkoso kuwa ta fara da gyara wurare biyun da rigima ta fi tashi da kuma yabo mai fayyacewa, domin su ne ba sa bukatar ƙarin hannu, sannan ta zauna da iyayen su amince a kan kalmomi iri ɗaya da za a riƙa faɗa a gida da makaranta.

Idan aka yi mako shida ana bin hanya ɗaya ba fashi amma layukan littafin ba su ragu ba, ko dukan yana faruwa kullum a gida da makaranta da wurin wasa, ko yana jin wa yara rauni, ko yana azabtar da dabbobi, to lokacin zuwa wurin likitan yara da neman ɗaya daga cikin tsare-tsaren ƙwararru ya yi. Yaron da kuma yake zaune lafiya a da, dukan ya zo masa kwatsam tare da fitsarin kwance ko firgita cikin barci ko tsoron wani mutum, ba a jira mako shida a kansa, a ranar ya kamata a fara binciken abin da ya same shi.